Hoto ba bayani, buhu ne ba alama

A watan Janairu na 2013, masu ɗauke da makamai sun ƙona ko sun salwantar da tsofaffin littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu. Wannan ya ishe mu gargaɗi, domin cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tattarawa.

Rigakafin shi ne a ɗauki hoton kowane shafi a shigar cikin kwamfuta. Amma hoto kaɗai bai wadatar ba. Kowane littafi sai an buɗe masa dosiye a rumbun bayanai: lamba, mawallafi, wanda ya kwafa, harshe, garin da aka samo shi. Da waɗannan kalmomi ake nemansa. Hoton da ba su tamkar buhu ne ba alama cikin mangaza.

Babban hoto ana ajiye shi a siffar TIFF, a nuna ƙarami na JPEG, a kai kwafi wani gari saboda gobara da ambaliya. Bayanin kuwa sai malaman da suka iya karanta tsohon rubutu, kuma da yawansu tsufa ya kama su.