Wanke hoto a gida ko a kai shago: wanne ya fi wa magidanci?

A yawancin gidajen Ungogo, hotunan biki da na suna da na Sallah a cikin waya suke kwana. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta, shi ke nan, har hoton kakan da ya riga mu gidan gaskiya ya tafi. Shi ya sa wasu magidanta ke tunanin sayen na'urar buga hoto su ajiye a ɗaka.

Na'urorin gida iri biyu ne. Ta farko mai fesa tawada ce, irin Epson EcoTank, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Kuɗin kowane hoto a wurinta kaɗan ne, amma ba ta son zaman banza. Idan ta yi makonni ba a taɓa ta ba, tawadar kan bushe a ƙananan ƙofofin da take fitowa, hoto ya fito da zane-zane a fuska. Ƙurar hunturu na ƙara dagula lamarin, kuma wanke ƙofofin ma tawada yake sha.

Ta biyu, irin Canon Selphy, da zafi take manna launi a takarda, don haka ba ta san bushewa ba. Wasu ma suna ɗaukar batir, abin da ke da amfani inda wuta ba ta zama. Sai dai ba ta wuce girman inci 4 da 6, kuma takardarta ta musamman ce, ana sayar da ita tare da launinta, galibi 108 a kwali.

A ganina, wanda ba ya wanke hoto sai Sallah zuwa Sallah, shago ya fi masa. Na'urar mai hoto a Rijiyar Zaki ko Bachirawa kullum cikin aiki take, kuma idan hoto ya ɓaci, asararsa ce. Mutumin Fanisau ko Gayawa sai ya tara hotunan ya kai su lokaci guda, kada kuɗin mota ya fi na wankin.

Sau da yawa kuma ana ɗora wa mai shago laifin da ba nasa ba. WhatsApp na matse hoto kafin ya aika, alhali hoto mai inci 4 da 6 na buƙatar ɗigo kusan 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo kafin ya fito tar. A nemi na asali daga wayar da ta ɗauka, a tura shi a matsayin fayil, ko a je shagon da wayar a kwafa ta kebul.