Dabarun Ƙarfafa Ƙasa Kafin Shimfiɗa Kwalta

Ƙarkon hanyar mota ya dogara ne a kan ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta, domin ita ke ɗaukar nauyin manyan motoci. Idan ƙasar ta yi rauni, komai kyan kwalta sai ta tsage, ramuka su biyo baya. Don haka ne injiniyoyi kan fara da gyaran ƙasa, kuma dabarun gyaran sun kasu gida biyu.

Dabara ta farko ita ce gauraye da daɓewa. Akan zuba yashi ko tsakuwa ko marmara cikin ƙasa mai laushi, a yayyafa ruwa, sannan injin daɓe ya bi ta kai hawa-hawa. Wannan bai sha bamban da daɓen ɗaki na matan Hausawa ba. A 1933 wani injiniyan Amurka, R. R. Proctor, ya nuna cewa kowace ƙasa tana da gwargwadon ruwan da take daɓuwa da shi. In ya gaza ba za ta haɗe ba, in ya zarce ta zama taɓo.

Dabara ta biyu ita ce cakuɗa ƙasa da wani abu mai sauya halinta. Siminti ya fi dacewa da ƙasa mai yashi, kuma akan bar shi da danshi kamar kwana 7 don ya kama. Ita kuwa laka, ƙonanniyar farar ƙasa ce maganinta, saboda tana rage mata danƙo da kumburi. Akan kuma yi amfani da ruwan kwalta don hana ruwa ratsa ƙasa.

Amfanin wannan ilmi ya fito fili a Borno, tsakanin Dikwa da Gamboru, inda hanya ta ratsa baƙar laka. Da damina wannan laka takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare. Duk hanyar da aka ɗora mata ba tare da gyara ba, ba ta daɗewa, kuma manomi da ɗan kasuwa su ke shan wahalar.

Daga ƙarshe, ko wace dabara aka bi, sai an gwada ƙasa tukuna an san irinta, kuma an yi magudanan ruwa, domin ruwan da ya kwanta yakan warware duk aikin da aka yi.