Yaro Mai Lalurar Otizim Zai Iya Koyon Yin Tsarki Da Kansa?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Funtuwa, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ɗanta shekararsa 7, kuma likita ya gaya mata yana da lalurar otizim. Ba ya magana sai 'yan kalmomi. Yakan yi fitsari a fo idan an kai shi, amma kashi sai a wando, kuma har yau ita ke yi masa tsarki. An ƙi karɓarsa a makaranta saboda haka. Ga kakarsa kuma ta ce sangarta ce, a riƙa yi masa bulala, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ne take tambaya, ko yaro irin wannan zai iya koyon kewayawa da tsarki da kansa? In zai iya, ta ina za ta fara?

AMSA: To, Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Amsar ita ce e, da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna koya. Sai dai sukan daɗe fiye da sa'o'insu, kuma ba sa ɗauka ta hanyar kallon manya kawai kamar yadda sauran yara ke yi. Sai an koya musu daki-daki.

Ita wannan lalura, wadda wasu gidajen rediyo ke kira galahanga, ba hauka ba ce, ba kuma sangarta ba ce. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke tasowa, wanda ke shafar magana, da cuɗanya da mutane, da yadda yake jin ƙara ko wari ko taɓi. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner shi ya bayyana ta a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Kin ga ashe ba ke kaɗai ba ce.

Me ya sa bayan gida ke ba su wuya? Wani ba ya gane alamar da jikinsa ke ba shi sai abu ya zo gab. Wani ya gane, amma ba bakin faɗa. Wani kuwa masai ɗin ne yake tsoro: ga duhu, ga wari, ga baƙin rami, ga kyankyasai. Sannan yara ne masu riƙo da sabo. Wanda ya shekara 7 yana yi a wando, a wurinsa wando shi ne masai.

Abu na farko, ki kai shi likita ya duba ko yana da taurin bayan gida, domin ya yawaita a tsakanin waɗannan yara, musamman masu zaɓen abinci. Yaron da ya taɓa shan zafi wajen yin kashi sai ya riƙa matsewa. Idan ya taru ya yi tauri, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe yana ɓata wando, iyaye su zaci zawo ne ko ganganci. Muddin ba a warware wannan ba, koyarwa ba za ta yi tasiri ba. A yawaita ba shi ruwa, da gwanda, da lemo, da wake, da ganye irin su zogale da alayyafo, gwargwadon abin da zai yarda ya ci. Kada a ɗura masa kanwa ko wani maganin wankin ciki ba da izinin likita ba.

Na biyu, ki sami takarda ki riƙa rubuta lokacin da yake yi, har mako 1 ko 2. Za ki ga yana da lokacinsa. Galibi hanji kan motsa kamar minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, musamman karin kumallo. To a wannan lokacin ne za ki riƙa kai shi kullum. Ya zauna minti 3 zuwa 5, in bai yi ba a tashi ba tare da faɗa ba, a sake komawa an jima.

Tun da ya saba da wando, kada ki raba shi da shi rana ɗaya. Ki fara da barinsa ya yi a wandon ko famfas, amma a cikin makewayi. In ya saba, sai ya riƙa yi yana zaune a kan fo, da famfas ɗin a jikinsa. Daga nan ki sassauta shi, ko ki huda shi ta ƙasa, har ranar da za a cire gaba ɗaya. Kowane mataki ki ba shi kwanakinsa.

Na uku, ki gyara wurin. A sa haske, a share, a yi wa ramin murfi. Idan bakin masan yana da faɗi, kada a kuskura a bar shi shi kaɗai a ciki, gara ya ci gaba da fo har a gyara. Idan na zama ne irin na zamani, a sa masa 'yar kujera ya ɗora ƙafafunsa, kuma in ƙarar ruwan na firgita shi, a bari sai ya fita a kora. Ki saya masa 'yar buta tasa ta kansa, mara nauyi. Da hunturu a surka masa ruwan ya yi ɗumi, domin ruwan sanyi kaɗai ya isa ya sa wani yaron ya ƙi tsarki. Wando kuma a ɗinka masa mai roba, a ajiye mai mazagi tukuna.

Na huɗu, kuma nan ne gundarin maganar. Mu manya muna ganin kewayawa aiki ɗaya ne, alhali ayyuka ne kusan 8 a jere: shiga da rufe ƙofa, zame wando, tsugunawa, yin abin da ya kawo shi, zuba ruwa da dama ana wankewa da hagu, mayar da wando, rufe rami, sannan wanke hannu da sabulu. Ki sa wani mai iya zane ya zana miki kowane ɗaya a kwali, ki manna a bango daidai tsawonsa. Waɗannan yara sukan fi gane abin da suka gani a kan abin da suka ji. Kuma duk gidan a tsaya a kan kalma ɗaya. Idan "masai" ne, to kowa ya ce "masai". Kada wannan ya ce "ban ɗaki", wancan ya ce "bayi".

Sai ki fara koyarwa daga ƙarshe. Wato ki yi masa komai, ki bar masa na ƙarshen, wanke hannu, ya yi da kansa. In ya iya, ki ƙara masa na kafin shi, haka har ki iso na farko. Amfanin wannan shi ne kullum da hannunsa ake kammala aikin, yabo kuma ya biyo baya nan take.

Tsarkin kansa shi ya fi wuya, don wuri ne da ba ya gani. Ki fara koya masa sarrafa buta a tsakar gida, yana zuba wa shuka ruwa ko yana wanke ƙafarsa. A makewayi kuma ki tsaya ta bayansa, ki ɗora hannunki a kan nasa, ku yi tare. Bayan kwanaki ki koma riƙe wuyan hannu, sannan gwiwar hannu, sannan nuni kawai, har ki koma bakin ƙofa. Kada ki ce masa "wanke har ya fita", domin bai san iyakar wannan ba. Ba shi adadi: a zuba a wanke sau 5, kuna ƙirgawa tare, kullum haka. Da farko ki riƙa dubawa bayan ya gama. Masu 'ya mace kuma su lura, ana wankewa ne daga gaba zuwa baya, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara ta jawo ciwo. A riƙa yanke masa farce, hannu kuma a cuɗa shi da sabulu kamar daƙiƙa 20.

Na biyar, lada. Ki duba abin da ya fi so, ko dabino ne, ko ƙuli-ƙuli, ko wani abin wasa, ki ɓoye shi sai don wannan aiki. Da zarar ya yi daidai, a ba shi a take, ba sai an jima ba. In ya ɓata wando, ki kai shi makewayi a canza a can, ba tsawa, ba dogon surutu. Duka ba ya koya masa inda zai yi, sai dai ya koya masa ɓuya a bayan ɗaki, ko matsewa har cikin ya cushe. Ita kuma Hajiya kaka, ai ƙauna ce ta sa ta damu. A lallaɓe ta, a je da ita wurin likita ta ji da kunnenta, sannan a ba ta aikin miƙa masa dabinon. Wanda aka sa cikin aiki ba ya zama ɗan adawa.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa bai kamata a yi sanyi ba. Yara masu lalura, musamman waɗanda ba sa iya ba da labari, sun fi shiga haɗarin miyagun mutane. Saboda haka a taƙaita masu yi masa tsarki zuwa mutum 2 ko 3 da aka amince da su, mahaifinsa ma ya shigo ciki tun da yaron namiji ne kuma yana girma. A koya masa ba a fitowa sai da wando. Ranar da ya iya da kansa, ya sami sutura, ya kuma sami kariya.

Aikin zai iya ɗaukar makonni, zai iya ɗaukar watanni. In ya yi rashin lafiya ko kun yi tafiya, yana iya komawa baya, wannan ba faɗuwa ba ce, sai a ɗora daga inda ya tsaya. Fitsarin kwance kuwa a bar shi sai rana ta daidaita. Amma in kika ga jini, ko kuka wajen fitsari, ko ya kwana 3 bai yi bayan gida ba, to a koma asibiti. Daga Funtuwa, sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi miki nisa ba.

Batun makaranta kuma, ki sani a watan Janairun 2019 an sa hannu a kan dokar tarayya da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, har da fannin ilimi. In ya fara kamawa, ki koma wurin shugaban makarantar da butarsa da kwalin zanensa, ki nuna musu lokutan da ake kai shi.

Da fatan mai tambaya ta gamsu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana shi, ki kuma sake rubuto mana mu ji yadda ake ciki.