Fashin baƙi: Wace makirufo ce ta dace da lasifikar jita da aka kulle a akwati?

A ranar 8 ga Disambar 2013, ƙungiyar mawaƙan Metallica ta Amurka ta yi wasa a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, kusa da sansanin bincike na Carlini mallakar Ajantina, a gaban mutum kimanin 120. Saboda kare muhallin yankin, ba a bar ƙarar kiɗan ta fita fili ba. Kundin bajinta na Guinness ya bayyana cewa an rufe amfilifayoyin a cikin akwatunan killace sauti, jama'a kuma suka saurari wasan ta hedifon.

Dabarar ba ta manyan mawaƙa kaɗai ba ce. Ita ce mafitar mai ƙaramin situdiyo da bango ɗaya ya raba shi da maƙwabta, musamman ga masu son sautin jitar lantarki mai kaushi irin wanda Bombino da Mdou Moctar na Nijar suka yi suna da shi. Sai dai akwatin yana canza sautin da ke cikinsa, kuma makirufon da aka zaɓa ita ce ke yanke hukunci kan abin da zai isa kunnen mai sauraro.

Me ya sa ake kulle lasifikar?

Amfilifayar jita, musamman mai kwalaben lantarki irin na tsoffin rediyoyi, ba ta ba da sautinta mai daɗi sai an matsa mata. Matsin kuma yana zuwa da ƙara mai cutarwa. Lasifikar Celestion Vintage 30 mai inci 12, wadda ta shahara a wannan sana'a, tana fitar da desibel 100 a nisan mita ɗaya da ƙarfin wat ɗaya kacal. Da wat 50, ƙarar tana kusantar desibel 117.

Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade desibel 85 na tsawon awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne iyaka. A Najeriya ma akwai dokokin taƙaita hayaniya na 2009 da ke ƙarƙashin hukumar NESREA. Ke nan batun ya shafi lafiyar kunne, ya shafi doka, ya kuma shafi haƙƙin maƙwabtaka.

Akwatin killace sauti akwati ne na katako mai kauri, an lulluɓe cikinsa da soso, an sa lasifika da makirufo, an rufe ruf. Waya ɗaya ta shigar da sauti daga amfilifaya, wata ta fitar da abin da makirufon ta ɗauka zuwa kwamfuta.

Abin da akwatin ke yi wa sauti

A ɗaki mai faɗi, sauti yana tafiya ya baje. A akwati kuwa, nan take yake dukan bango ya dawo. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka akwati mai faɗin santimita 60 yana kumbura sautukan da ke kaɗawa kusan sau 285 a daƙiƙa. Wannan shi ke haifar da gunjin da ke sa jita ta zama kamar ana kaɗa ta a cikin tulu.

Soso bai cika magance wannan ba. Mai kaurin santimita 5 yana shanye sirara da kaifafan sautuka, amma shanye masu kauri irin waɗancan yana buƙatar abu mai zurfin kusan santimita 30, wanda akwatin ba shi da wurinsa. Sakamakon shi ne kaifi ya ragu, gunji ya zauna.

Akwai kuma matsala ta biyu. Galibin makirufo masu fuskantar gefe ɗaya suna ƙara wa sauti kauri idan aka matso da su kusa da abin da ke ƙara. A akwati babu wurin ja da baya. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce wace makirufo ta fi tsada ba. Tambayoyin uku ne: me take ji daga bayanta, yaya take jure matsin iska, kuma nawa take ƙara wa kauri?

Dainamik: mai jure wahala

Makirufo nau'in dainamik tana aiki da zaren waya da ke motsi a jikin maganaɗisu. Ba ta buƙatar wuta daga waje, kuma da wuya ƙara ta fi ƙarfinta. Fitacciya a cikinsu ita ce Shure SM57, wadda ta fito a 1965, kuma tun zamanin Lyndon Johnson ake ganin ta a mumbarin shugabannin Amurka. Tana jin gabanta sosai, tana toshe kunne ga bayanta, tana rage kauri, tana kuma ɗaga kaifi a daidai inda soso ke cinye shi. Kusan duk illolin akwati, halinta yana rage su.

Sennheiser MD 421, wadda ta fito a 1960, ta fi ta cikar sauti, kuma tana da makunni mai matakai biyar na rage kauri, amma jikinta babba ne, ba kowane akwati ke ɗaukar ta ba. Sennheiser e906 kuwa shafaffiya ce, tana shiga matsattsen wuri, sai dai tana ɗan jin abin da ke bayanta kai-tsaye, don haka bangon da ke bayanta yana buƙatar soso mai kyau.

Ribon da kwandansa: kyau mai sharaɗi

Makirufon ribon, kamar Royer R-121 da ta fito a 1998, tana da siririn zirin alminiyam da ke rawa tsakanin maganaɗisu. A buɗaɗɗen ɗaki tana ba jita laushi da ɗumi. Amma tana jin bayanta daidai da yadda take jin gabanta, kuma a akwati abin da ke bayanta bango ne. Tana kuma cikin waɗanda suka fi ƙara kauri idan an kusanto. Zirin nata yana jure ƙara, amma bugun iska na iya miƙar da shi, ko da na rufe murfin akwati da ƙarfi ne. Masu amfani da ita sukan ɗan karkata ta, su kuma rufe murfin a hankali.

Kwandansa tana buƙatar wutar bolt 48 daga na'urar naɗi, kuma ta fi sauran jin ƙananan bayanai. Wannan baiwar ita ce ke zame mata illa a nan, domin tana ɗaukar kugin akwatin da rawar katakonsa. Ƙari a kan haka, lasifikar jita ba ta fitar da wani abin kirki sama da kaɗawa dubu biyar zuwa shida a daƙiƙa, wato ana biyan kuɗin jin abin da babu shi. Idan za a yi amfani da ita, sai mai makunnin rage ƙarfin sauti.

Wurin ajiyewa ya fi suna

Matsar da makirufo da faɗin yatsa biyu kan canza sauti fiye da sauya ta da wata. Tsakiyar lasifika ya fi kaifi, gefenta ya fi duhu. Yawancin masu naɗi suna farawa daga inda murfin tsakiya ya haɗu da faifan lasifikar, su naɗa, su saurara, su gyara.

Idan aka haɗa makirufo biyu, dole kawunansu su daidaita. Bambancin nisa na santimita 5 yana sa sautukan da ke kusa da kaɗawa 3,400 a daƙiƙa su kashe juna, kuma nan ne cizon jita yake.

Akwai gargaɗi biyu da ba a wasa da su. Lasifika kaɗai ake kullewa, domin amfilifaya tana buƙatar iska, balle a ƙasa mai zafi. Kuma ba a kunna amfilifaya mai kwalabe ba tare da an jona mata lasifika ba, don hakan na iya ƙona taransifomarta.

Ga mai ƙaramin jari, hanya mafi aminci ita ce dainamik guda ɗaya ta asali, domin jabun SM57 sun yi yawa a kasuwa. Ragowar kuɗin ya fi amfani idan aka kashe shi wajen faɗaɗa akwatin da ƙara masa abin shanye sauti, tun da babu makirufon da ke iya cire gunjin da akwati ya riga ya zuba mata.