Yaƙin Sunƙuru a Angola: Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

Tun daga lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka mallaki makaman ƙare dangi, kowace ta san gaba-da-gaba halaka ce gare su duka. Don haka sai suka koma ga wata dabara, wato su ɗaure wa 'yan sari-ka-noƙe gindi a wata ƙasa, su ba su kuɗi da makamai da horo, su yi jifa su ɓoye hannu. Ƙasar Angola tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan dabara.

Sa'ad da Fotugal ta sakar wa Angola mara ran 11 ga Nuwamba 1975, ƙungiyoyi uku ne ke neman mulki: MPLA ta Agostinho Neto, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. Sobiyat ta ba MPLA makamai, Kyuba kuwa ta aiko da dubban sojoji. Ita Amurka ta bi ta ƙasar Zayar a asirce tana taimakon sauran biyun, yayin da sojojin Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata suka kutso daga kudu. Wannan kutse yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da MPLA a watan Nuwamba 1975.

A 1976 Majalisar Dokokin Amurka ta hana wannan taimako, amma ta janye hanin a 1985, har aka ba Savimbi makaman Stinger masu kakkaɓo jiragen sama. Ribar manyan ƙasashen a fili take: kuɗin da suka kashe kaɗan ne, kuma gawawwakin ba nasu ba ne.

To, amma kunna wuta ya fi kashe ta sauƙi. An sa hannu kan yarjejeniya a 1988, sojojin Kyuba suka gama ficewa a 1991, a shekarar ce kuma Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Duk da haka yaƙi bai ƙare ba, domin gwamnati tana da man fetur, UNITA kuma tana da lu'ulu'u, kowa yana iya sayen makamansa. Sai da aka kashe Savimbi a watan Fabrairu 2002 sannan ƙura ta lafa, bayan mutuwar dubban ɗaruruwan mutane. Manoman Angola kuwa aka bar su da nakiyoyin da aka binne a gonakinsu.