Idan ɗanki ya ce lissafi ya kayar da shi, ki jira sakamako

Ranar da aka rubuta Further Maths, wato lissafi mai zurfi na jarrabawar WAEC, wata uwa ta kawo mana 'yarta asibiti bayan magariba. Kanta na sarawa, gabanta na faɗuwa, tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Muka auna, babu zazzaɓi, jininta lafiya lau. Da na zauna kusa da ita sai ta miƙo mini waya. Ƙawayenta a WhatsApp sun gama lissafa mata maki, sun yanke cewa F9 za ta ci.

'Yar'uwa, idan kina da ɗa ko 'ya a aji shida na sakandare, wataƙila irin wannan ta faru a ɗakinki. Wani ya dawo yana cewa tambayoyin ba daga littafinsu aka ɗauko ba. Wata ta ce lokaci ya ƙare mata tana tsakiyar aiki. Daga nan sai a shiga hasashe: nawa ne makin A1, nawa ne na kiredit?

Jadawalin da yara ke yawo da shi ya nuna A1 daga 75 zuwa 100, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50. Daga A1 zuwa C6 su ne kiredit. D7 da E8 an ci amma babu kiredit, F9 kuwa faɗuwa ce. Sai dai yaron da ya fito daga ɗakin jarrabawa ba shi da hanyar sanin inda ya tsaya a wannan jadawali.

Further Maths takarda biyu ce. Ta farko tambayoyin canki-canka guda 40, ta biyu kuma ita ce ake baje aiki dalla-dalla. A wannan ta biyun masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da yaro ya bi, ko da amsarsa ta ƙarshe ta kauce. Sannan akwai makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke tura wa hukumar. Don haka wanda ya ga amsarsa ta bambanta da ta abokinsa bai yi asarar makin tambayar duka ba. Shi ma abokin, wa ya tabbatar tasa ce daidai?

Ko sakamakon hukuma ma yakan canza. A watan Agusta na 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba takardu, adadin ya koma kashi 62.96. To ina ga lissafin da yara suka yi a bakin ƙofar makaranta?

Ki kuma san cewa Further Maths darasin zaɓi ne. Lissafin gama-gari shi ake nema a mafi yawan kwasa-kwasan kimiyya. Mu da muka shiga aikin jinya, kiredit biyar aka nema daga gare mu: Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Bayan WAEC ga NECO na tafe, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko da yake wasu kwasa-kwasai irin likitanci sukan nemi na zama ɗaya.

Mu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mun san abin da ɗalibi ya tsallake kafin ya zauna a kan wannan benci. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mun ga rufe makarantu, mun ga katse layukan waya a 2021, mun ga iyalai sun bar ƙauyukansu. Yaron da ya bi ta cikin wannan har ya zaɓi darasin da wasu ke gudu, ba malalaci ba ne. Kada kalmarki ta farko ta zama, "Ai dama na faɗa maka."

Ga abin da zai taimaka. Ki ba shi abinci tukuna, tambaya ta biyo baya. Ki roƙe shi ya ajiye wayar daren nan, domin gobe akwai wata takardar. Ki hana shi kwana karatu da kofi ko lemon ƙara kuzari, suna ƙara bugun zuciya da rashin barci. Kada a riƙa ɗura masa farasitamol kullum saboda ciwon kai. Kuma duk wanda ya ce ki turo kuɗi a gyara sakamako, ɗan damfara ne.

Idan kin ga ya yi kwanaki ba ya ci, ba ya barci, ya ƙaurace wa mutane, ki kai shi asibiti. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Ki kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.

Yarinyar nan ta sha kunu a gabana, ta yi kukanta, uwarta ta karɓe wayar ta sa a jaka. Washegari tana da wata takardar da ƙarfe tara, kuma ta je.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kawo mana zaman lafiya.