Idan Shirin Tafiya Ya Rushe

Duk wanda ya saba bin hanya a Najeriya ya san tikiti a hannu ba shi ne isa gida ba. Da hunturu hazo kan rufe sararin Kano har jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, waɗanda suka yi sammako su wuni a kan kujera, sai yamma a ce an soke tashi. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, bai sake ɗaukar fasinja ba sai Disamba. A Oktoban shekarar ambaliya ta shanye hanyar Lokoja ta wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, 'yan kasuwa da masu zumunci tsakanin Jibiya da Maraɗi suka rasa ta cewa.

Shi ya sa wasu ke ganin shiri wahalar banza ne, gara a tashi kawai, Allah na nan. Ban raina maganarsu ba, don rayuwarmu ba ta barin a tsara komai. A yi rasuwa da asuba, jana'iza bayan azahar, kai kuma kana wani gari. Wa zai ce ka tsaya lissafi?

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da mutum kan yanke a daidai lokacin da shirinsa ya watse. Ka je tasha a Zuba ka tarar motar ƙarshe ta gama lodi, la'asar ta yi sanyi, ɗaurin aure kuma gobe da hantsi. Zuciya ta ɗebe ka, ka saɓa jaka ka fita bakin titi, ka tsai da duk motar da ta rage gudu. Ba ka san direban ba, ba ka san mutum ukun da ka tarar a baya ba, lambar motar ma ba ka duba ba. Mazauna Abuja sun san masu ɗaukar fasinja a irin wannan yanayi su ƙwace waya da katin banki, su wurgo shi kan hanya. Ko motar ta kirki ce, dare zai same ku a daji, ga direban da wataƙila wannan ne sawunsa na uku tun safe. A tasha kuwa 'yan kamasho sun san direba da motarsa, a wurare da yawa ana rubuta sunanka da lambar wani naka. Jiran lodi da cin rai, amma akwai wanda za a tuhuma in wani abu ya faru.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da sun fi mu fahimtar wannan. Ayari na da madugu, da jagaba mai wucewa gaba. Sanin hanya kaɗai ba ya sa mutum ya zama madugu, sai ya san inda za a yada zango in kogi ya cika, da hanyar da za a ratse in an ji labarin mahara.

Irin wannan shirin nake so mu riƙe, ko tafiyar ta ba-zata ce. In za ka biki ko ganin likita, ka tashi da rarar kwana ɗaya, musamman gab da Salla, lokacin da mota ke wuya kuɗinta kuma ya hau. Ka riƙe tsabar kuɗin da za su kwanar da kai su kuma maido ka gida. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, ya san akwai ranar da waya ba ta biyan kuɗin mota. Lambobi biyu ko uku a rubuce a takarda, maganin hawan jini ko na suga a aljihu ba a cikin kayan da aka ɗaure a but ba, da sunan wani da za ka iya kwana wurinsa a tsakiyar hanya. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi, kana da haƙƙin a maido maka kuɗinka ko a sauya maka rana, kada fushi ya sa ka tafi ka bar su.

Masu jiran baƙo ma da nasu laifin. Sau da yawa mu ne ke bugo waya muna cewa ko ƙarfe nawa ne ka taho, an ajiye maka tuwo, kowa ya iso sai kai. Mutum na tsaye a tasha yana wasi-wasi, wannan kiran ne ke tura shi bakin titi. In ɗan'uwanka ya kira bayan magariba ya ce mota ta ƙare, ka ce masa ya nemi wurin kwana ya kamo hanya da safe, in ɗaurin aure ne, waliyyi zai karɓi auren ko bai iso ba.